Korona: A rufe zauren biki, amma a bar mana layin waya

A ranar 21 ga Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta sake tsaurara matakan korona: an rufe gidajen rawa da zaurukan biki, makarantu kuma sai 18 ga Janairun 2021. Ba mu ƙi ba, musamman a hunturun wancan lokacin da kowa ke tari.

Amma mutumin Sabon Birni da Isa, abin da ya fi tsoron a rufe masa shi ne layin waya. NCC ta ce duk layin da ba a haɗa da lambar NIN ba za a toshe shi. A lokacin, marasa lambar an ba su zuwa 9 ga Fabrairun 2021, kuma an dakatar da sayar da sabon sim.

A ƙauyukan Gobir, da waya ake sanar da maƙwabta cewa an hango baburan 'yan bindiga. Da ita ɗan ci-rani ke turo kuɗin cefane a cira wajen mai POS. Wanda aka toshe wa layi ya rasa duka biyun.

Sannan ta yaya za a hana cinkoso, kuma a tura dubban mutane cunkushewa a ofishin NIMC?

Fatanmu a kai na'urorin rajista gunduma-gunduma, a ƙyale masu cajin waya da masu POS su ci gaba da aiki da takunkumi. Kada a toshe layin kowa kafin rajista ta iso garinsu.