Karatun Likita: Hadda Ko Fahimta?

Duk wanda ya ratsa ta ɗakunan kwanan ɗaliban likitanci a makwannin da jarrabawa ta ƙarato, ba sai an gaya masa halin da ake ciki ba. Fitilu ba su mutuwa sai asuba. Sai ka ga mutum yana kai da kawowa a baranda, leɓɓansa na motsi kamar mai jan carbi, alhali kuwa sunayen jijiyoyin kai 12 yake jerawa. In ka yi masa sallama sai ya ɗaga maka hannu kawai, don gudun kada abin da ya ɗora ya zube. Mu ma mun yi haka, muna kuma kan yi, saboda haka abin da za mu faɗa a nan ba wa'azin wanda ya tsira ba ne.

Ga waɗanda ba wannan fanni suke ba, bari mu ɗan bayyana abin da ake wa wannan wahala. A Nijeriya ba wanda ke da ikon duba majinyaci da sunan likita sai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa ta yi masa rajista. Wanda ya yi karatu a gida, cin jarrabawar ƙarshe ta jami'arsa shi ke kai shi ga rajistar wucin gadi. Wanda ya yi a waje, kamar 'yan'uwanmu masu yawa da suka je Sudan da Masar da Rasha da Sin, sai ya zauna wata jarrabawar tantancewa ta majalisar tukuna. Bayan wannan kowa ya yi shekara guda yana koyon aiki a asibiti, sa'an nan a ba shi cikakken lasisi. Na gida da na waje, duk hanyar shirinmu kusan ɗaya ce: a tattaro tsofaffin tambayoyin shekarun baya, ana tura wa juna daga waya zuwa waya, a haddace tambaya tare da amsarta, a yi ta addu'a Allah Ya sa a maimaita.

To, akwai wasu daga cikinmu da in an ambaci hadda sai su yatsine fuska, su ce ai karatun aku ne, mai hankali fahimta yake nema. Ba mu tare da su. Mu da muka tashi a ƙasar da yaro ke zama da allonsa a gaban malam har ya ɗauke Alƙur'ani duka a ka, bai kamace mu mu raina hadda ba. Amma ya kamata mu lura da yadda gardi ke yin tasa. Ba a dare ɗaya yake ɗora ta ba. Yakan rubuta kaɗan, ya biya, ya wanke, gobe ya ƙara, kuma kullum sai ya koma baya ya yi tishin abin da ya wuce, ba tare da duba allo ba. Abin da muke yi ana gobe jarrabawa, da kofi da goro, ko kusa bai cancanci wannan suna ba. Lodi ne irin na motar kasuwa, wanda ake saukewa da zarar an isa tasha.

Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna wannan al'amari a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana duba yadda suke ɓace masa, sai ya tarar mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da yinin farko take aukuwa, kuma bita da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri guda amfani. Ya kuma lura da wani abu da ya fi shafarmu: baitocin waƙa masu ma'ana ba su ci masa fiye da kamar kashi ɗaya cikin goma na wahalar da marasa ma'anar suka ci ba. Ashe ke nan wanda ya tsallake fahimta don ya tsimi lokaci, hanya mai tsawo ya ɗauka bai sani ba.

Bari mu bar Jamus mu komo ɗakin haihuwa, inda za a gane bambancin a fili. A ce an kawo mace mai tsohon ciki da ƙarfe biyu na dare daga wani ƙauye, hawan jini ya kai ta ga jijjiga, tana taune harshe. Tun bayan babban gwajin da aka buga a 1995 an tabbatar maganiziyam salfet ya fi sauran magunguna hana jijjigar dawowa. A tsarin da aka fi bi a asibitocinmu, giram 4 ake fara ba ta a hankali ta jijiya, da giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai, sa'an nan giram 5 bayan kowane awa 4. Waɗannan alƙaluma ba tunani ke fito da su ba. Ko mutum ya fi kowa basira, in ba su zauna masa a ka ba, ba lokacin buɗe littafi a wannan dare, ga ungozoma tsaye da sirinji tana jiran umarni, ga dangi a bakin ƙofa. A nan hadda ce ke ceton rai, kuma sai irin ta gardi, wadda ke fitowa ko an tashe ka daga barci.

Amma bayan awa 4 fa? Littafi ya ce kafin a ƙara allura a duba abu uku: numfashi, da zaburar ƙafa in an ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa, da yawan fitsari. Wanda ya haddace ukun nan kawai zai ci makinsa a takarda. Sai dai ran da aiki ya yi yawa, fitsarin zai fara yin watsi da shi, domin bai ga haɗin fitsari da jijjiga ba. Wanda ya fahimta kuwa ya san ta ƙoda maganin ke fita daga jiki, kuma ciwon da ya kawo matar shi kansa yana iya taɓa ƙodar. In fitsari ya ragu, magani na taruwa a jini, ya fara kashe zaburar gwiwa, in aka ci gaba ya tsai da numfashi. Wannan likita ba ya bukatar ya riƙe jerin abu uku, domin labari ɗaya ne a wurinsa, kowane ɓangare na jawo ɗan'uwansa. Shi ne kuma zai tuna ya tambaya tun farko ko akwai kalsiyam gulukonet a kusa, wanda ke warware dafin in abin ya ɓaci.

Haka yake ga ruwan gishiri da sukari. Kowa ya san ana ba mai gudawa. Wanda ya san sukarin aikinsa jan gishiri ta bangon hanji, ruwa ya bi bayansu, shi ne zai hana uwa ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, tunda in ya yi yawa ruwan jiki yake jawowa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Mun san abin da za a ce mana: ku bari mu ci jarrabawar tukuna, fahimta ta zo daga baya a bakin aiki. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don wanda iyayensa suka sayar da gona ko shanu suka kai shi karatu, faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce a gare shi. Amma ko ta fuskar cin jarrabawar ma lissafin bai fita ba. Mai shirya tambaya ba sai ya ƙirƙiro sabuwa ba, ya ishe shi ya sauya shekarun majinyaci, ko ya ƙara cewa ƙodarsa ta sami matsala, amsar bara ta zama kuskuren bana. Ga kuma jarrabawar gwaji, inda ake zagayawa daga tasha zuwa tasha ana kallon hannun mutum da bakinsa. Sa'an nan "daga baya" ɗin nan yaushe ne? Daga shekarar koyon aiki sai bautar ƙasa, inda ake iya tura ɗayanmu asibitin da shi kaɗai ne likita. Malamanmu ma, da girmamawa muke faɗa, suna da nasu kason: muddin ana maimaita tambaya kalma da kalma shekara bayan shekara, ɗalibi ba zai bar hanyar da ke biyansa ba.

Abin da muke gani shi ne a fara da neman dalili, a ware 'yan abubuwan da gaggawa ba ta ba da damar tunani a kansu, irin ma'aunin magunguna da matakan farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, a yi musu hadda ta gaske da tishi tun watanni kafin jarrabawa. Tsofaffin tambayoyi kuma a riƙe su a matsayin ma'auni: a rufe amsa, a gwada kai, a kuma faɗi abin da ya sa sauran zaɓin ba daidai ba ne.

Akwai kuma wani ma'auni da muke da shi a hannu ba mu amfani da shi, wato harshenmu. Da Turanci muke karatu, kuma Turanci na da daɗin ɓoye jahilci, don mutum na iya zubo shafi guda sumul bai san me ya faɗa ba. Amma a ce masa ya bayyana wa kakarsa da Hausa abin da ya sa sanyi da ƙarancin ruwa a jiki ke tayar wa mai sikila ciwo, nan take za a ga inda ya tsaya. Majinyatan da ke jiranmu ma da Hausar za su tambaye mu. Don haka muna roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nema mana ɗaki guda, dare biyu a mako, inda 'yan ajin ƙarshe da 'yan'uwanmu da suka dawo daga waje suna jiran jarrabawar majalisa za su riƙa haɗuwa. Kowa ya tashi ya ɗauki cuta ɗaya ya bayyana ta da Hausa, ba takarda a hannu, sauran su yi ta tambayarsa "don me?" har sai ya kai inda ba shi da amsa. Ɗaliban sauran fannoni ma muna gayyatarsu, su zauna a matsayin dangin majinyaci.