Tsofaffin Ɗalibai, Ku Waiwayi Makarantunku

Ƙasar Illela ce ta haifi Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji da ya karanci injiniyancin ma'adinai a Faransa, ya mulki Nijar daga 2011 zuwa 2021, har ya samu lambar yabo ta Mo Ibrahim. Daga Konni zuwa Malbaza akwai 'yan boko da dama da suka manyanta cikin muƙamai: likitoci, alƙalai, injiniyoyin masana'antar siminti. Amma har yanzu akwai yaran yankin da ke karatu a rumfunan zana. Za a ce ginin aji aikin gwamnati ne. Haka ne, sai dai yau tsofaffin ɗaliban ne a ofisoshin gwamnatin, kuma ana jin maganarsu. Kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗauki nauyin aji ɗaya kafin damina.