Benayen Karkarar Kano Da Bangon Da Ake Cirewa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko ta Dambatta zai ga yadda benayen kankare ke tsirowa a tsakiyar gonakin gero da gyaɗa. Kusan duk fasalinsu ɗaya: sama ɗakunan kwana ne cike da bangon bulo, ƙasa kuwa jerin shaguna, babu komai tsakanin ginshiƙan gaba sai ƙofofin ƙarfe.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin illar wannan tsari. Bangon da aka cika tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi yana tokare gini, ya hana shi karkacewa idan ƙasa ta motsa. To idan sama ta yi tauri, ƙasa kuma ta zama holoƙo, duk jijjigar a kan ginshiƙan ƙasa take taruwa, su durƙushe, benen ya zauna a kan masu shago. Haka gine-gine da dama suka faɗi a Turkiyya a Fabrairun 2023, inda fiye da mutum 50,000 suka rasu.

Za a ce Kano ba yankin girgizar ƙasa ba ne. Gaskiya ne, ba kuma tsoratar da jama'a muke nufi ba. Amma idan za a iya tunawa, ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, ta kuma motsa a Mpape, Abuja, a Satumbar 2018. Benen titin Beirut a birnin Kano kuwa, a Agustan 2022, bai ma jira girgiza ba ya rufta.

Maganin bai fi ƙarfin mai bene ba. A cike wasu giɓoɓin hawan ƙasa da bango cikakke, daga daɓe har rufi, a ɗaure shi da rodi jikin ginshiƙai, a kuma daidaita shi ɓangarori biyu don kada ginin ya murɗe. Rabin bango kan jawo ginshiƙi ya karye, bulon da aka tsuke wa siminti kuwa, wanda yaro ke marmasawa da hannu, ba ya tokare komai. Asarar ba ta wuce hayar shago ɗaya ko biyu ba.

A ganinmu, idon hukumar KNUPDA ya fi karkata ga birni. Muna kira ga gwamnatin jiha da ta sa injiniyoyin ƙananan hukumomi su fara duba benayen makarantu da asibitocin karkara, sannan kada a amince da zanen bene mai shaguna sai an nuna inda bangon zai tsaya.