Ranar gasasshen haƙarƙarin alade a Amurka: ina matsayin Musulmi?



Godiya ta tabbata ga Allah da ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya tsare mu daga munana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa, ranar 7 ga watan Maris na kowace shekara, wasu mutanen Amurka suna bikin wani abinci da ake yi da haƙarƙarin alade. Da yake wayar salula ta rushe katangar da ke tsakanin ƙasashe, hotunan wannan abinci suna iya faɗowa gaban ɗanka a Maraɗi ko Damagaram a daidai lokacin da ake ɗora su a New York. Saboda haka ya dace mu san abin, mu san hukuncinsa, mu kuma san iyakar da bai kamata mu ƙetare ba wajen ƙinsa.

Ga yadda ake yin sa. Mahauci yana ɗauko jerin haƙarƙari tare da naman gadon baya, ya kankare naman da ke bakin ƙasusuwan, ya lanƙwasa jerin ya zama da'ira, ya ɗaure da zare. Ƙasusuwan sai su tsaya sama kamar kambun sarakunan Turai, daga nan abincin ya samo sunansa. A tsakiya a zuba gutsattsarin burodi da albasa da tuffa, a gasa a tanderu. Bisa al'ada abincin manyan bukukuwa ne irin Kirsimeti. Ita wannan rana kuwa ba hutun gwamnati ba ce, ba a rufe ofis ko makaranta dominta, kuma ba ibadar coci ba ce. Amurkawa suna da irin waɗannan ranaku ga abinci iri-iri, masu kantuna da gidajen abinci ne suka fi cin moriyarsu. Talla ce aka sa wa rigar biki.

Hukuncin naman kansa ba wurin saɓani ba ne. An ambaci haramcinsa a wurare huɗu cikin Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Wanda yunwa ta kai bakin halaka, bai sami wani abin ci ba, shi aka yi wa rangwame gwargwadon abin da zai tsirar da ransa. Halascin abincin ma'abota Littafi da ya zo a Ma'ida aya ta 5 bai haɗa da alade ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muka tashi muna karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa dukkan sassan alade haramun ne, sai gashinsa da aka yi sauƙi a amfana da shi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa a shekarar buɗe Makka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka.

Wannan hadisi na ƙarshe shi ne ya fi shafar zamaninmu. Da wuya ka sami Musulmin ƙasar nan da zai ci alade da saninsa. Amma ciniki yana da ƙofofi da yawa, talla kuwa ɗaya ce daga cikinsu. Matashin da ya ga hoton nama ya yi ja yana maiƙo, ya danna alamar so, ya tura wa abokai ba tare da ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa ba, ya taya mai haja yaɗa hajarsa. A hoto, haƙarƙarin alade da na rago suna kama ga wanda bai saba ba. Ɗan'uwa, kafin yatsanka ya taɓa, idonka ya karanta.

Akwai kuma wata ɓarna da masu kishin addini ke faɗawa cikinta da kyakkyawar niyya. Da zarar an ambaci alade, sai saƙonni su cika waya: wai likitoci sun gano cututtuka kaza da kaza, wai mai cin sa yana rasa kishin iyalinsa, da sauran labaran da babu wanda ya san tushensu. Gaskiya ne naman alade da bai dahu ba yana iya ɗauke da tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne kuma dahuwa sosai tana kashe su, kuma naman shanu da bai dahu ba shi ma yana da tasa tsutsar. Idan ka koya wa ɗanka cewa cuta ce kaɗai dalilin haramcin, ranar da ya je jami'a a Faransa ya ga tsofaffi masu shekara 90 da suka rayu suna ci, me za ka ce masa? Ka gina masa imani a kan ƙasa mai zaizayewa. Mun bar alade domin Wanda ya halicce mu ya hana. Hikimar da muka gano ƙari ce, wadda ba mu gano ba tana wurin Mai ita. Addinin gaskiya ba ya buƙatar a tallafe shi da ƙarya.

Inda jarrabawa ta fi tsanani shi ne wurin neman abinci. Ƴan'uwanmu da yawa suna ci-rani a Abijan da Kwatano da Lome da Wagadugu, inda ake gasa alade a bakin hanya a wasu unguwanni. Wasu suna aiki a kicin ɗin gidajen abinci a Turai da Amurka, wasu a manyan otal da baƙi ke sauka. Mutum ne da iyali a gida suna jiran abin da zai aiko, sai ga mai gidan aiki ya ce ya dafa ko ya miƙa. Asalin hukunci shi ne Musulmi ba ya dafa alade don a ci, ba ya sayar da shi. Wanda ya tsinci kansa a wannan hali ya nemi a mayar da shi wani sashen aiki, ya dage da neman wani wurin, ya kai matsalarsa ga malamin da ya san halin garin da yake zaune. Mu kuma da ke gida muna da namu alhakin. Idan muna matsa wa ɗan ci-rani da buƙatun biki da gini da gasar sutura, ba mu taɓa tambayarsa wane aiki yake yi ba, to mu ma muna cikin masu tura shi. Uban da ya ce wa ɗansa ya aiko kaɗan na halas ya fi masa alheri da wanda ke ƙirga jikkuna kawai.

Matafiyi ya riƙe abu biyu. Na farko, idan bai sami tukunya ko kwano ba sai na waɗanda ke dafa alade, ya wanke ya yi amfani da su, kamar yadda aka ba Abu Sa'alaba al-Khushani amsa lokacin da ya yi tambaya a kan kwanukan ma'abota Littafi. Na biyu, wanda ya ci bisa rashin sani babu zunubi a kansa, ya wanke bakinsa, ya ƙara lura a gaba. Waswasi ba taƙawa ba ne.

Uwargida da mai cefane kuma su koyi karanta abin da ke jikin gwangwani da leda. A kayan da aka rubuta da Faransanci, kalmomin porc da lardons da saindoux duk alade suke nufi, nama ko kitse. Jambon shi ma na alade ne, sai in an bayyana cewa na talotalo ne ko na kaza. A wasu alawoyin yara masu danƙo ana sa gélatine, wadda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, ciki har da alade. Malamai sun yi saɓani a kan wadda sarrafawa ta sauya mata kama, amma barin alawa ba ya cutar da kowa. Magani kuwa daban ne: kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya daina sha saboda saƙon waya. Ya tambayi likitansa ko akwai madadi, ya tambayi malami.

Sai maƙwabci. Kirista da ke zaune tare da mu a Yamai ko Maraɗi ba shi ya ƙirƙiro wannan rana ba, wataƙila ma bai taɓa jin labarinta ba. Ba dukkan waɗanda ba Musulmi ba ne ke cin alade: Yahudawa sun haramta shi, Kiristocin Habasha mabiya tsohuwar cocinsu ma ba sa ci. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe mana ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ba mu manta watan Janairu na 2015 ba, lokacin da fushi a kan zanen wata jarida ta Faransa ya ƙare da ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Masu zanen suna can nesa, wutar ta ci ƴan ƙasa. Abin da aka yi a wata nahiya kada ya zama dalilin zagin wanda kuke shan ruwan famfo ɗaya da shi. Idan abokin aiki ya gayyace ka cin wannan abinci, ka gode masa, ka gaya masa addininka ya hana, cikin sakin fuska. Sau da yawa irin wannan amsa ta fi doguwar muhawara shiga zuciya.

Wani zai tambaya: in na yi wannan siffa da haƙarƙarin rago fa? Halas ne, Turawan ma suna yin ta da rago, kuma siffar girki ba ta haramta nama. Sai dai babu dalilin jiran 7 ga Maris. Mai ragon layya da ake banƙarewa a jikin itace, a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, a raba wa dangi da mabuƙata washegari, ba ya cikin masu aron ranar nama.

Allah ya ciyar da mu halas, ya wadatar da ƴan'uwanmu da ke nema a ƙasashen waje, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.