Kofi Biyu, Kofin Wa?

Cikin masu rubuta mana girke-girke a Facebook da WhatsApp akwai wata ɗabi'a da ta isa a kira ta da sunanta: kwafe ba gwaji. Mutum ya shiga shafin wata baiwar Allah da ke Teksas, ya ɗauko yadda take gasa kukis na bota da fikan, ya juya shi Hausa rabi da rabi, ya manna hoton da ba shi ya ɗauka ba, ya rufe da "sai an gwada akan san na ƙwarai". Shi kuwa ko fulawar bai tankaɗe ba. Mu masu karantawa a waya mu ne 'yan gwajin, da botarmu da gas ɗinmu.

Fikan, wanda Turawa ke rubutawa pecan, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Itace ne na Arewacin Amurka, asalinsa kwarin kogin Misisifi har zuwa arewacin Meksiko, sunansa ma daga harshen mutanen ƙasar na asali ya fito. Wanda ya fara yin nasarar aura reshen iri mai kyau a jikin wani itacen, har noman fikan ya zama sana'a, wani bawa ne mai kula da lambu, Antoine, a gonar Oak Alley ta jihar Luwiziyana wajen 1846. Yau jihohin Jojiya da New Mexico ne kan gaba a Amurka, kuma Amurka da Meksiko ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci. A can ɗan itacen bayan gida ne. A nan sai babban kanti, cikin 'yar leda, da farashin da ke sa mutum ya sake duba takardar. Wanda ya sayo shi ya haɗa da bota ta gaskiya ya zuba kuɗi masu ciwo tun bai kunna wuta ba, don haka yana da hakkin a rubuta masa umarnin da zai yi aiki.

Mu da ke cin abinci da rubuta manhaja mun san wani uzuri da kowane sabon shiga ke fakewa da shi: "Ai a tawa kwamfutar lafiya lau yake aiki." Ba a karɓar wannan magana a wurin aiki, domin ba don kwamfutarka aka rubuta ba, don ta mai saye ce. Girkin da aka rubuta a Teksas shi ma don kicin ɗin Teksas aka rubuta shi, kuma akwai abubuwan da marubuciyar ba ta faɗa ba saboda kowa a garinsu ya sani.

Ɗauki kofi. Idan Ba'amurkiya ta ce kofi, ma'auni take nufi tsayayye, wajen mililita 237, a cika a shafe baki. Tun littafin girkin Fannie Farmer na 1896 suke kan wannan al'ada. Ostireliya nata kofin 250 ne. Mu kuwa kofi shi ne abin da hannu ya kai kansa a kwando: na shayi, na silba, na roba da aka raba a biki, ko gwangwanin madara. Ko da an dace da kofin Amurkan, fulawa ba ruwa ba ce. Wanda ya zuba ta da cokali a hankali zai samu kamar giram 120, wanda ya nutsa kofin cikin buhu ya danna zai kai 150. A kofi biyu, bambancin giram 60 ke nan. A miya ba komai ba ne, a ƙara ruwa a wuce. A kukis shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ke narkewa a baki da abin da sai an jiƙa a shayi. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, Mars Climate Orbiter, saboda manhajar wani ɓangare tana ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karantawa da ma'aunin mita. Injiniyoyi ne fa masu digiri a jere. Ina ga yarinyar da ke riƙe da waya a hannu ɗaya, muciya a ɗaya?

Sai bota, kuma nan ne aka fi cutar mutane. A kasuwarmu kalmar bota ta haɗa komai: Blue Band bota ce, Simas bota ce, wadda aka yi da madarar saniya ita ma bota. Kama da wane ba ta wane. Wadda girkin ke nufi ta madara ce, kashi 80 cikin ɗari ko fiye maiƙo, sauran galibi ruwa, kuma ɗanɗanon kukis ɗin gaba ɗaya a kanta ya rataya. Wasu na shafa wa burodi ruwansu ya fi haka yawa, su sa kwaɓin ya baje a faranti. Soyayyen man shanu namu kuma wuta ta riga ta kore ruwansa, maiƙo ne kusan zalla; yana yin kukis mai ƙamshi ƙwarai, amma ba da awo ɗaya ba. Mai kwafe ba ya bambance ko ɗaya. Zai ma rubuta "sanda biyu na bota" kamar yadda ya gani, bai san sandar Amurka giram 113 ba ce, bai kuma damu da cewa ba a sayar mana da bota sanda-sanda ba.

Zai ƙara da cewa a bar botar a waje ta yi laushi daidai zafin ɗaki. Ɗakin wa? Ɗakin da suke nufi digiri 20 ne ko kusa da haka. Bota na narkewa tsakanin 32 da 35, Kano kuwa a watan Afrilu tana taɓa 40. Botar da aka ajiye awa guda a kicin ɗinmu ta zama ruwan mai, ba za ta riƙe iskar da ake bugawa cikinta da sukari ba. Sai obin: "a gasa a 350". Wannan ma'aunin Faranhait ne, daidai da wajen 177 a ma'aunin Salshiyos da ke jikin yawancin obin ɗinmu, waɗanda lambarsu ke ƙarewa a 250. Mai karatu ya nemi 350 bai gani ba, ya murɗa har ƙarshe. Fikan kuwa sama da kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa mai ne, ba ya jure wannan wuta. Mai gashi a tukunya da yashi ko da gawayi sama da ƙasa, ita ba a ma san da zamanta ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne inda laifin ke sauka. Kukis ya ƙone ko ya baje, yarinya ta ce hannunta ne ba shi da kyau, ko a gida a ce mata ta bar abin da ba ta iya ba. Wanda ya rubuta shirmen yana can yana ƙirga masu danna masa yabo.

Za a ce mana ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma iyayenmu da suka cika fanteka da alkaki da dubulan da nakiya na gara ba su taɓa riƙe sikeli ba. Gaskiya ne. Gireba ma, wadda 'yar uwar wannan kukis ce ta kusa, fulawa da sukari da mai, da ido ake kwaɓa ta a gidaje da yawa kuma tana fitowa daidai. Amma idon nan shekaru ya yi yana koyo. Yarinya ta zauna gefen gwaggonta Sallah bayan Sallah, ta taɓa kwaɓin, aka buge hannunta, aka ce ƙara, aka ce ya isa. Awon yana nan, a tafin hannu aka ajiye shi. Waya ba ta iya miƙa wa kowa tafin hannun gwaggo. Wanda ya zaɓi koyar da baƙon girki ta rubutu, ga mutanen da ba su taɓa ɗanɗana shi ba balle su san yadda kwaɓinsa ke ji a yatsa, ba shi da abin da zai ba su sai lamba. Ya hana su lambar kuma ya fake da iyaye, wannan lalaci ne aka yi wa rawani.

Wasu kuma za su ce ina ruwanmu da fikan ga gyaɗa. Madalla, a sa gyaɗa, a sa yazawa. Sai dai a kira shi kukis na gyaɗa, kuma a faɗa wa mutane cewa man gyaɗa a ƙwaya bai kai rabin nauyinta sosai ba, don haka zai fi tauri kaɗan, ƙamshinsa kuma nasa ne daban.

Ga abin da muke nema, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A rubuta: bota ta madara giram 200, sukari 100, fulawa 300, fikan 100, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana fikan ɗin tun kafin komai, domin mai yawan mai irinsa yana saurin lalacewa a zafi, in ya yi maƙaƙi a maƙogwaro ya tashi daga aiki. A gasa shi shi kaɗai minti 7 ko 8 har ƙamshi ya tashi, ya huce, a daddatsa. Botar ta yi laushin da yatsa zai shiga amma ba ta ƙyalli. A mulmula kwaɓin kamar sanda, ya yi awa guda a firji, in babu wuta a sa shi cikin kula da ƙanƙara, ko a yi aikin da asuba. A yanka, a gasa a digiri 170 na Salshiyos, a fara leƙawa daga minti 12, a sauke idan gefe ya yi ja tsakiya na da sauran haske. Sikelin kicin mai batir sau ɗaya ake sayensa. Mai rubutun kuma ya gasa da hannunsa, a garin da yake, ya faɗa mana a wane wata ya yi da irin obin ɗin da ya yi amfani da shi, sannan ya ɗora hoton nasa farantin ko da gefe ɗaya ya ɗan ƙone.