A garin Nana Asma'u ne za a ce mace ba ta da ta cewa?

Mai karatu, bari in fara da abin da ya tunzura ni. Kwanan baya mu na zaune a majalisar mu nan cikin garin Sakkwato, bayan La'asar, sai wani ƙanen mu ya kunna waƙa a waya. Muryar mace ce da jita, ta na haɗa Turanci da Yarbanci. Ba a yi minti ɗaya ba wani abokin mu ya ɗaga hannu: "Kai, kashe muna wagga tsiya! Mi ɗiya mace tas sani ga sha'anin ƙasa?" Aka kashe. Jim kaɗan sai wayar shi mai faɗan ta yi ƙara. Ka san mene ne ƙarar kiran nasa? Waƙar fim ce, mace na rangaɗa wa saurayi kalaman soyayya kamar za ta narke. Kowa ya fashe da dariya. Ni kam abin ya tsaya mani a maƙoshi.

Waƙar da aka kashe ta Asa ce (Asha ake furta sunan), wato Bukola Elemide, daga albam ɗin ta na farko da ya fito a 2007, wanda ta sa wa sunan ta. A Faris aka haife ta a 1982, ta tashi a Legas. Wani makaho mai baiwar kiɗa, Cobhams Asuquo, shi ya tsara mata sautin, kuma a 2008 ta ci kyautar Prix Constantin a Faransa. Amma ba kyautar ce ta dame ni ba, abin da ke ciki ne. A "Jailer" ɗaurarre ne ke yi wa gandiroba magana, ya na nuna masa cewa mai tsaron kurkuku ma bai tsira ba. A "Fire on the Mountain" ta tsokano yaƙi, ta tsokano lalata da yarinya a cikin gidan uban ta, ta kuma caccaki mutanen da ke kallon bala'i na tahowa su na zaune. Tsohon albam ne, na sani. To amma shekarun nan duka da su ka wuce, ƙirgo mani albam nawa irin sa ka ji daga bakin mace Bahaushiya, nata na kan ta, da sunan ta a jiki, wanda ba wata ƙungiyar agaji ce ta ba da kwangilar sa ba.

Kada ka ce mani babu muryoyin. Tun da fiyano ya mamaye sitidiyoyin Kano, musamman bayan 'Sangaya', muryar mace ce ke sayar da fim. Rabi Mustapha, Fati Nijar, Maryam A. Baba, Maryam Fantimoti, Zuwaira Isma'il, wa zai ce bai san su ba? Sai dai dubi yadda sana'ar ta ginu. Galibi namiji ne zai rubuta baitocin, furodusa ya biya kuɗin sitidiyo, a kira mawaƙiya ta hau, a sallame ta. A fim kuma wata ce za ta motsa baki, ita za a sani a titi. Kakar zaɓe ta zo, a sake kiran ta ta yi wa ɗan takara amshi. Mun amince ta ce ta na so, mun amince ta ce wane ya cancanta. Ran da ta buɗe baki ta ce an zalunce ta, ran nan ne za mu tuna da kunya da al'ada.

To, mu zo kan al'adar, tunda ita ce garkuwar da ake ɓuya a bayan ta. Duk wanda zai ce waƙar gyaran al'umma daga bakin mace baƙon abu ce, bai kamata ya faɗi haka a Sakkwato ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, a nan Hubbare ta ke kwance kusa da mahaifin ta. Da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora masu malfa, su ka riƙa haddace waƙoƙin ta su na kai wa matan ƙauyuka. Kuma ba tsarki da sallah kaɗai ta koyar ba. Da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda zaluntar talakawa, waƙa ta yi a kai, ta ambaci sunan sa. Mace, a zamanin da mu ke kira na tsoron Allah, ta sa sunan basarake a waƙa don ya ci amana. Yau jikokin ta ake tambaya me su ka sani game da sha'anin ƙasa!

Na san abin da za ka ce: Nana ba ta yi da kiɗa ba, ba ta kuma tsaya gaban maza ba. Gaskiyar ka, kuma ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Hukuncin kiɗa da na muryar mace magana ce ta malamai, sun daɗe su na yin ta. Mutumin da ya ce shi ba ya sauraren kiɗa kwata-kwata, na girmama shi, ba da shi na ke ba. Rigima ta da mai waya cike da waƙoƙin fim ce, wanda tsoron Allahn sa ba ya motsawa sai an taɓo auren dole ko sakin wulaƙanci. Wannan ba taƙawa ba ce, malam. An taka maka sawu ne.

Ko a ɓangaren masu kiɗan ma ba mu rasa magabata ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwarya kawai da 'yan amshin ta, ta yi shekaru ta na gaya wa mata su nemi sana'a su daina zaman jiran miji, ta na fede zaman kishi har wutsiya. Mu ka ɗauke ta mai barkwancin gidan biki. Sai da ta rasu a 2013 aka fara jin manyan kalmomi a kan ta.

Saura 'yan kasuwa, masu cewa irin wannan waƙa ba ta sayuwa. Wa ya gwada? A Mali, ƙasar Musulmi kamar tamu, Oumou Sangare ta na da shekara 21 ta ɗauki albam ɗin 'Moussolou', ma'ana "Mata", a Abijan a 1989. Maganar 'yancin zaɓen miji da halin da mata ke ciki ce a ciki, daga bakin yarinyar da ta ga yadda uban ta ya bar uwar ta da 'ya'ya. Kaset sama da 200,000 aka sayar. Mata ne su ka saya, don sun ji ana faɗin abin da su ke haɗiyewa. Matan Bamako sun fi na Sakkwato ciwon rai ne?

Abin waƙa kuwa, ai sai dai a rasa ta inda za a fara. Je ka asibitin mata da yara na Maryam Abacha ka ga masu jinyar yoyon fitsari, da yawan su miji ya guje su. Tuna kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, da matafiyan da 'yan bindiga su ka ƙona a cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba ta shekarar. Matan da hare-haren gabashin jihar nan su ka mayar zawarawan dole, ga su nan a bakin titi da goyo su na miƙa hannu. Wa zai fi mace sanin yadda ake faɗin wannan? Idan namiji ya rera shi jaje ne. Idan ita ta rera, shaida ce.

Saboda haka kai mai karatu, kada ka tsame kan ka. Kai ne ke tura waƙa daga waya zuwa waya, kai ne ke buga wa gidan rediyo ka zaɓi wadda za a sa, kai ne ke yin liƙi a gidan biki. Ku ma marubuta mata da ku ka cika littattafai da labarin mugun miji da muguwar uwar miji, me ya hana ɗayar ku ta rubuta baitoci goma ta miƙa wa mawaƙiya? Mawaƙan namu mata da su ka yi suna kuwa, wasun su yanzu su na da ƙarfin biyan sitidiyo da aljihun su, ba sai sun jira furodusa ba.

Shi kuwa abokin nawa, washegari na tura masa albam ɗin Asa gaba ɗaya. Ya ce ba ya jin Turancin ta sosai, in kawo masa ta Hausa. Har yau ina nema.