Kukan Yunwa Da Tutar Aro

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya, mu taɓa wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato zanga-zanga, da yadda wasu matasanmu suka sari sanda da hannunsu suka miƙa wa mai dukansu. Da ku nake musamman, ƙannena na Rano da Kibiya, domin ku ne ake tura wa hotuna a waya ana ce muku soja ne mafita.

Kowa ya san abin da ya faru daga ranar 1 ga Agusta 2024. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kwanon masara ya gagari magidanci, buhun taki ya gagari manomin Kibiya, kuɗin mota daga Rano zuwa birni ya zama abin lissafi. Mutane suka fito kan titi, kuma wallahi suna da gaskiya, don yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. To amma sai ga yara a Kano da Kaduna ɗauke da tutar Rasha, wasu har da kiran soja ya zo ya karɓi mulki. A nan aka kwafsa.

Tambayata ita ce, wanda ya ɗaga tutar nan ya san me ake yi wa mai zanga-zanga a Rasha kuwa? Alexei Navalny, babban ɗan adawar ƙasar, a kurkuku ya mutu cikin Fabrairun 2024. Ba ma sai mun je nesa ba. A Nijar an yi ta kaɗa wannan tuta bayan Janar Tchiani ya kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, sai ga shi a Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya, an rantsar da Janar ɗin na shekara biyar ba tare da ƙuri'ar kowa ba. Alhali 'yancin jam'iyyun nan da jini aka same shi, tun daga ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Mai zanga-zangar da ke kiran soja, roƙo yake a zo a hana shi fitowa gobe.

Na san wani zai ce, to dimokuraɗiyyar me ta tsinana mana? Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar nan, kuma ranar 1 ga Nuwamba 2024 duniya ta ga ƙananan yara suna faɗuwa a kotun tarayya ta Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Haka ne, abin kunya ne da ba zai wanku ba. Amma mu ƙarasa labarin mana. Jaridu suka yi caa, lauyoyi suka tashi, cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Me ya tsorata shi? Zaɓe da bakin duniya. A zamanin Abacha wa ya isa? Shehu Musa 'Yar'aduwa da girmansa a kurkukun Abakaliki ya rasu cikin Disambar 1997.

Sannan mu duba yadda ake karanta mu a waje. Ɗan jaridar da ke Ingila ko Amurka bai san farashin taki ba, hoto yake gani. Da ya ga tutar Rasha a titin Kano, sai labarin ya tashi daga yunwar talaka ya koma rikicin Rasha da Turawan Yamma. Gwamnati kuwa ta samu abin da take so, ta bar maganar abinci ta koma farautar telolin da suka ɗinka tuta. Kukanmu ne, amma wasu suka ci ribarsa.

Kuma kada mu ce abin na birni ne kawai. A Mayun 2025 a nan Rano wani matashi ya mutu bayan 'yan sanda sun kama shi, jama'a suka fusata suka afka wa ofishinsu, babban jami'in ofishin ma ya rasa ransa. Fushin yana da dalili, amma daga ranar sai maganar kama mutane ta danne tambayar farko, wato me ya kashe yaron? Wuta ba ta taɓa rubuta ƙorafi ba.

Mu fa muna da gadon gwagwarmaya, ba sai mun yi aro ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'yan doka suka yi ta dukan magoya bayan Malam Aminu Kano, aka ɗaure Gambo Sawaba ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma suka dage da taro da wa'azin siyasa da ƙuri'a, har Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali. Ko masarautar Rano da aka ɗaga a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu a Yulin shekarar, duk a zauren majalisar jiha aka yi. Wa ya tura 'yan majalisar can? Mu ne.

Don haka ƙannena, ku fito idan ta kama, amma ku fito da buƙata a rubuce, da shugabannin da aka san fuskarsu, da katin zaɓe a aljihu. Ku tambayi kansila da ciyaman ina kuɗin ƙaramar hukuma yake shiga. Wanda ya miƙo muku tutar wata ƙasa, ku tambaye shi ko 'ya'yansa na cikin jerin. Allah ya sa mu gane, sai mun haɗu a rubutu na gaba.